A Saya ko a Wuce? Shawarwari kan Ciniki da Mai Algus

A kusan kowace unguwa akwai shagon da ake zagi kuma ake cika. An san sikelinsa da 'yar magana, an san yadda yake yi wa yaran shagonsa, amma da gari ya waye za ka tarar da mutane a ƙofarsa, ko don ya fi maƙwabcinsa sauƙi kaɗan, ko don shi kaɗai ke yarda ya rubuta bashi zuwa ƙarshen wata. Ka tambayi masu sayen, wani zai ce, "Ina ruwana da halinsa? Kaya na zo saya, ba aurensa na zo yi ba." Wani ya ce, "To ina za mu je? Ai duk kanwar ja ce." Kowannensu da 'yar gaskiyarsa. Sai dai gidan da ya riƙe maganar farko yana iya sayo cuta da kuɗinsa, wanda ya riƙe ta biyu kuma ya sallama wa macuta kasuwar ke nan. Ga abin da ya kamata maigida da uwargida su zauna a kai kafin a miƙa wa yaro kuɗin cefane.

1. Ku fara da tambayar a kan wa laifin ke sauka.

Laifin ɗan kasuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke shiga cikin kayan, kamar algus da jabu da tauye awo, wannan ku yake cuta kai tsaye. Akwai wanda ke sauka a kan wani bawan Allah da ba ya wurin, kamar kayan sata da cin gumin ma'aikaci, wannan in kun saya da sani kun sa hannu. Akwai kuma wanda bai taɓa cinikin ba ko kaɗan: an ce mai girman kai ne, ba ya fara'a, ko ɗan wata jam'iyya ne da ba kwa so. Na farko da na biyu su ke hana ciniki. Na uku nasiha yake buƙata, in akwai mai yi masa. Yawancin gardamar da ake yi a gida kan "kada a ƙara sayen komai wajen wane" daga cakuɗa waɗannan ukun take tasowa.

2. Abin da zai shiga ciki ba a yi wa mai shi uzuri.

Nan ne nake da tsanani, kuma da dalili. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya, saboda an haɗa shi da wani sinadari mai lalata ƙoda. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon haɗi da aka yi da gurɓataccen ɗan tsami da garin lemo da wa'adinsa ya wuce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Turawa sun ce ba sa so. Waken kuwa ba a zubar da shi ba, mu muka dafa.

Don haka ku riƙa amfani da hanci da ido. Waken da aka daɗe da yin kaka amma ba ko ƙwaro ɗaya a ciki, kuma in ka damƙa ka sunsuna sai warin magani ya buge ka, a ajiye shi. Ayaba ko mangwaron da ya yi rawaya shar tun daga sama har ƙasa, ba ƙamshi, in an yanka cikinsa da sauran tauri kuma salam yake a baki, ana iya zaton an nunar da shi da sinadarin nan da masu walda ke aiki da shi, wanda hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Manjan da ya yi ja fiye da ƙima, ya bar rini a yatsa, a tambayi inda ya fito. Naman da ya yi ɓul-ɓul a kan tebur, da ya ji wuta ya tsuke ya koma rabi, an hura shi.

Waɗannan alamu ne na a tsaya a bincika, ba su isa a yanke wa mutum hukunci ba. Amma in ta tabbata cewa mai kaya ya san abin da ya zuba a abinci, to an gama da shi, ko da kuwa ɗan'uwa ne, ko da ya rantse ya daina. Ba ku da ɗakin gwaji a gida. Abin da kuke dogara da shi kawai amanar mai sayarwa ce, kuma shi da kansa ya gaya muku ba shi da ita.

3. Magani a saye shi inda ake tsoron hukuma.

Mai tallan da ya ɗora ƙwayoyi a faranti yana yawo da su cikin rana, ko da maganinsa na gaske ne, zafi ya riga ya taɓa shi. Ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Magungunan zazzaɓin cizon sauro da dama suna ɗauke da wani wuri da ake kankarewa a tura lambar ta saƙon waya don a tabbatar da ingancinsu. Minti ɗaya ne, ku yi shi a gaban mai kemis ɗin, fuskarsa ma za ta gaya muku wani abu. Ba banza ba hukumomi suka matsa a 2024 sai 'yan sarin magani na Sabon Gari a Kano sun koma sabuwar cibiyar Dangwauro, inda za a iya sa musu ido.

Akwai kuma kemis ɗin da da rana yake sayar wa iyaye maganin mura, da dare ya sayar wa 'ya'yansu kayan maye ta taga. Tun 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, amma cinikin bayan fage bai mutu ba. In a layinku akwai irin wannan, ko da maganinsa ya fi na kowa kyau, kuɗinku na halal su ke biya masa hayar shagon da ake lalata yaran unguwa a ciki. Ku ƙara taku zuwa na gaba.

4. Ku ajiye mudunku a gida.

Tauye awo tsohon ciwo ne. Alƙur'ani ya keɓe masa sura guda, ta 83, ya kuma ba da labarin mutanen Madyana da Annabi Shu'aibu ya yi wa gargaɗi a kansa. Duk wanda ya karanta babin ciniki a littafin Risala ya san malamai sun hana ɓoye aibin kaya da cakuɗa mai kyau da marar kyau. Hanyoyin dai ba su canza sosai ba: mudun da aka bugi gindinsa ya shige ciki, mudu biyu (babba na saye a ƙauye, ƙarami na sayarwa a birni), kwandon tumatir mai manya a sama da ruɓaɓɓu a ƙasa, buhun da aka tsiyaye 'yan tiyoyi aka sake ɗinkewa. Bayan rufe iyakoki a watan Agusta na 2019 kuma sai aka samu masu juye shinkafar gida cikin buhun 'yar waje, su sayar a kuɗin 'yar waje.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Ku samu kwano ɗaya da kuka yarda da shi, duk awon da ya shigo gida lokaci-lokaci a sake aunawa. Tukunyar gas a ɗora ta a sikeli kafin a zuba da bayan an zuba, a gaban idonku. Sannan ku yi lissafi, don rangwamen mai tauye awo ba rangwame ba ne. Kayan naira 1,000 in an bar muku a 950 amma an tauye kashi ɗaya cikin goma, kun saye shi a kan fiye da naira 1,050 ke nan, ga godiya da kuka yi masa a banza.

In kun ga giɓi karon farko, a koma masa a asirce, a ce, "Malam, awon jiya bai cika ba." Wataƙila yaron shago ne, wataƙila sikelin ne ya gaji. Mai gaskiya zai ji kunya ya cika. Wanda ya hau ku da faɗa, ko kuka sake kama shi, ya ba ku amsa.

5. Arahar da ta wuce hankali, wani ne ya biya sauran.

Wayar da kowa ya san kuɗinta aka kawo muku ita a sulusinsa, ba kwali, ba rasit, mai ita yana waige-waige yana cewa "sauri nake", ba sai an kira malami ya yi fassara ba. Ƙwacen waya ya kai matsayin da a 2023 gwamnatin Kano ta ayyana shi a matsayin fashi da makami, don rayukan da aka rasa a kansa. Yaron da ya zare wuƙa saboda waya ya san da akwai inda zai kai ta kafin gari ya waye. Abokin ɓarawo ɓarawo ne, kuma a dokar ƙasa karɓar kayan sata da sani laifi ne mai kai mutum gidan yari.

In za ku sayi waya ta hannu, ku danna *#06# lambar jikinta ta fito, ku gwada da wadda ke kan kwali. A rubuta takarda da sunan mai sayarwa da shaida, a yi cinikin a shagon da gobe za ku iya komawa ku same shi.

Haka dabba. A 2021 jihohin Zamfara da Katsina suka taƙaita cinikin shanu da safararsu, don toshe hanyar da ɓarayin daji ke bi su mayar da dukiyar mutane kuɗi. Ragon suna ko na layya da aka sallama a rabin kuɗi a bayan kara, ba dillalin da aka sani, ba mai cewa ga garken da ya fito, ku bar shi. Ibada ce za a yi da shi, kuma wataƙila mai shi na can a sansanin gudun hijira.

Akwai wata satar da mutane ba sa ɗauka sata: gidan sauron da aka bayar a raba kyauta, da abincin nan mai gyaɗa na cikin leda da ake ba yara masu tamowa, wanda za ka ga ana sayarwa a bakin tasha har manya na lasa don marmari. An rubuta a jikinsu cewa ba na sayarwa ba ne. Kowace leda da ta fito kasuwa, wani yaro ne aka cire wa ita daga baki.

6. Ku duba naku hannun.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai saye da ke yin tayin wulaƙanci, a ce masa albarka ya ƙi tafiya, ya nace sai an ba shi ƙasa da yadda aka saro, shi ke koya wa ɗan kasuwa dabara. Mai nono ta san in ta faɗi kuɗin kindirmo zalla ba wanda zai tsaya, sai ta ƙara ruwa kowa ya samu yadda yake so. Wannan bai wanke ta ba, amma ya nuna inda hanyar ta faro. Ku san farashi kafin ku fita, ku taya da mutunci, in mutum ya nuna muku aibin kayansa da kansa kada ku mai da gaskiyarsa sandar dukansa. Irin wannan ɗan kasuwa riƙe shi ake yi, ko da ya ɗara saura da ɗan abin da ba a rasa ba. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

7. "An ce" ba ta isa ta rufe shago ba.

A watan Disamba na 2016 labarin shinkafar roba ya cika ƙasar nan bayan jami'an kwastam sun kama wasu buhuna a Legas. Da aka gwada, ba a samu roba a ciki ba, sai dai an ce shinkafar ta gurɓata, ba ta ciwuwa. Amma har yau akwai masu rantsuwa cewa sun ga ta roba, kuma duk shekara sai wani saƙon murya ya zagayo a WhatsApp da sunan wani kaya ko wani shago. Wani lokaci abokin hamayya ne ya ƙirƙira. Kafin ku janye cefane, balle ku tura wa wasu, ku tambayi kanku: wa ya gani da idonsa? Hukuma ta yi magana? Gani ya kori ji.

Addinin mai kaya ko yarensa kuwa ba ya cikin lissafi. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayi abinci bashi wajen wani Bayahude a Madina, ya ba shi sulkensa jingina. Sau nawa ka ga baƙo mai cika awo, ɗan gari mai carbi a hannu yana tauyewa? Sikeli ake dubawa.

8. Ku tuna wanda ya yi muku yaya ranar tsanani.

A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, kowa ya ga masu POS iri biyu: wanda ya ƙara ɗan abin da ya sayo kuɗin da shi ya gaya maka gaskiya, da wanda ya ga ido ya raina fata ya yanka yadda ya ga dama. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu na shekarar, akwai gidajen man da suka rufe ƙofa da tsohon kaya a ƙasa suna jiran sabon farashi. A watan Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu rumbuna a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar kuma suka ce ajiya ce irin ta sana'a.

A nan sai an yi adalci. Sayen hatsi da kaka a adana zuwa bazara sana'a ce, in ba masu yin ta ba da ba a samu abin saye da damina ba. Tsadar da faɗuwar naira da kuɗin mota suka jawo kuma ba laifin mai shagon layinku ba ne. Abin ƙi shi ne mutum ya ga jama'a na neman abinci ido rufe, ya kulle ya ce babu, don gobe ya ninka. Irin wannan ba sai an yi faɗa da shi ba. Idan sauƙi ya zo, a kai cinikin wajen wanda ya tausaya.

Haka wanda ya riƙe yaro shekara da shekaru a shago da alkawarin zai sallame shi da jari, da lokaci ya yi sai ya laƙa masa sata. Ko mai gidan burodin da ma'aikatansa ke kwana gaban wuta suna bin sa albashi. In kun san wannan tabbas kuma akwai wani shagon kusa, ku koma can. In da mai faɗa masa ya ji, a fara da wannan, domin shagon in ya mutu yaran ne farkon shiga uku.

9. Fushi da babban kamfani yana son lissafi.

Ƙaurace wa kaya yana aiki in an san abin da ake nema. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka saboda yadda ake tallan madarar jarirai a ƙasashe matalauta, a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin tallan irin wannan madara, a 1984 kamfanin ya amince zai bi su. Buƙata ɗaya ce bayyananniya, aka dage a kanta.

Amma mu a nan mun ga ɗaya fuskar. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Fushin mutane na kan hanya. Sai dai wannan tabon na cikin abin da ya ƙarfafa ƙin ɗigon riga-kafin shan inna a 2003 zuwa 2004, abin da ba shi da alaƙa da wancan gwaji, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. 'Ya'yanmu ne suka gurgunce, ba masu hannun jarin kamfani ba.

Saboda haka lemon kwalba ko man shafawa ko wani kayan marmari, in zuciyarku ba ta kwanta da kamfanin ba, ku bari, ba abin da zai same ku. Maganin da likita ya rubuta da riga-kafin yara ba a yin fushi da su. Kuma kada a huce a kan mai kantin unguwa da ya riga ya zuba jarinsa a kayan.

10. In ba yadda za ku yi, ku rage, kada ku ɗora wa kanku laifi.

Wanda albashinsa ke ƙarewa ranar goma ga wata, kuma mai shago ɗaya ne ke ɗaga masa ƙafa, ba za a zauna a inuwa a ce masa ya yi zuciya ba. Ya sayi abin da ya zama dole, musamman wanda ke zuwa a rufe daga kamfani, ya kai cinikin awo wani wuri duk ranar da kuɗi ke hannu. Gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sari buhu su raba da mudunsu, matan gida ma na iya juya adashe ya zama na kayan abinci. Abu ɗaya dai: bashin da ke littafinsa a biya shi cif. Cutar da ya yi muku ba ta halatta muku kuɗinsa ba.

11. In za ku bar shi, ku gaya masa dalili, in ta kama ku kai ƙara.

Mai shagon da kwastoma ya ɓace masa shiru zai ɗauka tsada ce ta kore shi, sai ya ƙara rage farashi ya ƙara rage awo. Kalma biyu cikin mutunci ta fi. In abin ya shafi lafiyar jama'a kuwa, shiru bai halatta ba. A fara da shugaban layi ko sarkin kasuwa, don su suka san yadda ake ladabtar da nasu. In ba a ji ba, abinci da magani na NAFDAC ne, sauran kaya akwai hukumar FCCPC ta tarayya da aka kafa da dokar 2018, wasu jihohi kamar Kano kuma suna da tasu hukumar kare haƙƙin masu saye. Ku tafi da rasit, da ragowar kayan, da hoton lambar da ke jikin kwalin.

Ku yi hattara da saurin kai magana Facebook. A 2023 wata mata a Legas ta rubuta ra'ayinta kan wani tumatirin gwangwani, kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta har aka kai ta Abuja, maganar ta zama shari'a. Mutane da yawa sun ga an wuce gona da iri, ni ma haka na gani, amma wahalar ita ta sha. In za ku rubuta, ku tsaya kan abin da kuka saya, da ranar da kuka saya, da abin da kuka gani a ciki, kuma shaidarku na ajiye a gida.